Fuskar Malam Cindo a Kan Katako

Kanan-Bakashe, 9 ga Disamba 1984

Zuwa ga taubashina Mutari, shagon Malam Maman Sani mai fenti, Tasawa.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da maigidanka. Mu nan da sauƙi. Inna tana fama da ƙafarta, yara kuma cikinsu bai zauna ba tun da muka koma cin anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci, amma ba wanda ya kwanta. Ni ce Hindu ta gidan Malam Cindo, ko ka manta, tunda shekara huɗu ke nan ko gaisuwar Salla ba ka aiko ba. Kakarka da kakana ciki ɗaya suka fito, ba ni na haɗa ba, don haka dole ka karanta har ƙarshe.

Baba ya ɓace. Ka san bana ko kara ba mu yanka ba. Sa ɗaya ya rage mana, shi ma ƙashi da fata. Baba ya ce zai kai shi kudu inda zai yi daraja, ya sayo hatsi ya dawo cikin kwana goma. Yau kwana arba'in da biyu. An ce iyakar Najeriya a rufe take, mutane ta daji suke bi, ba mu san ko ya tsallaka ba.

Kawu Sale, ƙanen Inna, ya zaga Mayahi da Gazawa yana cigiya. Duk wanda ya tambaya sai ya ce masa yaya kamanninsa. Sai Kawu ya ce dogo ne, baƙi, mai farin gemu, yana jan sa. Bana rabin tsofaffin ƙasar nan haka suke. Jandarmomi sun ce a kawo hoto. Baba bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, ko kartidantite, katin shaida, ba shi da ita, sai takardar lanho ta biyan haraji.

An ce yanzu kana zana mutane har a gane su. Shekara uku ka yi a gidanmu kana lakwal, makarantar boko, akushi ɗaya kuke ci da shi. Ka zana mana shi, Kawu ya bi kasuwanni yana nunawa. Ban taɓa roƙonka komai ba, kai ma ka sani.

Hindu

Tasawa, 16 ga Disamba 1984

Taubashiya Hindu,

Na gaishe ki, na gaida Inna da ƙafa, Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau sai tari, warin fenti ne. Takardarki ta same ni a kan tsani, da na karanta sai da na sauko na zauna. Mutumin da ya koya mini ɗaure tazuge. Allah ya bayyana shi.

Zan yi, amma bari in gaya miki gaskiya, wanda ya ce miki na iya ya ƙara gishiri. Abin da na iya shi ne rubuta sunan shago da zana kan mai aski. Satin nan ma tutocin bikin jamhuriya na sha takwas ga wata muke yi wa ƙungiyar samariya, fuskokin manya, kowace sumul kamar bayan sabuwar ƙwarya. Wannan aikin ci ne. Sai bayan la'asar maigida yake koya mini abin da yake kira aiki. Ya daɗe a Abijan a hannun wani mai zane, ya dawo da ra'ayinsa, ba mai raba shi da shi. Ya ƙwace ƙaramin buroshina ya ba ni mai faɗi, irin na shafa ƙofa, ya ɗaura shi a bakin sanda kamu ɗaya don kada in matsa kusa. Kullum maganarsa ɗaya: "Aje ka ɗauke hannu. Kada ka shafa. Huskar mutum ba daɓe ba ce." In na saci hanya na lallaɓa wuri ya yi laushi, sai ya zo da wuƙa ya kankare.

Na fara Baba sau huɗu a kan guntun katako. Da na yi shi irin na tutoci sai ya fito kowa da kowa, wani dattijo mai gemu. Maigida ya ce idan so ake a gane mutum a kasuwa, to yadda yake riƙe kansa za a kama, domin ba wanda ke gane ɗan'uwansa ta ƙirga gashin gira. Ina ganin yana da gaskiya, sai dai hannuna bai faɗa ba tukuna.

Ki taimake ni da abu uku. Billensa a wane kunci yake? Har yanzu yana karkata kai wajen kunnen da yake ji da shi? Ya rame ƙwarai kafin ya tafi?

Mutari

Kanan-Bakashe, 6 ga Janairu 1985

Mutari,

Muna gaisuwa. Inna ta daina fita tsakar gida. Ƙaramin ɗan Yaya Shatu ya rasu ranar Alhamis, Allah ya sa mai ceto ne.

Takardarka ta yi sati biyu a hanya. Na karanta ta sau uku ina neman inda ka ce ga ranar da za ka aiko. Na ga buroshi, na ga sanda, na ga Abijan, ban ga rana ba. Ubana yana wani wuri ba mu san ko ya ci ko bai ci ba, kai kana jiran hannunka ya faɗa. Kada ka mai da shi abin koyon aiki, Mutari. In gwaji kake so, Tasawa cike take da tsofaffi masu zaman banza.

Kuma ka ba ni kunya da tambayar bille. Shekara uku kana zaune gabansa, ashe akushin kawai kake kallo. A hagu yake, guda ɗaya, ƙarƙashin ido. Kai kuwa yana karkata shi dama kamar da. Rama, wa bai rame ba? Kuncinsa ya faɗa har ana ganin inda haƙoransa suka ƙare.

Na gaji. Da safe in jiƙa anza, in zubar da ruwan ɗaci, in sake jiƙawa. Da rana in tsaya a rijiya da guga tana fitowa da rabin laka. Duk motar kamiyon da ta tsaya a bakin kasuwa sai Inna ta ce in je in duba. Ka aiko ko yaya yake.

Hindu

Tasawa, 20 ga Janairu 1985

Hindu,

Ina gaisuwa, ina yi wa Yaya Shatu ta'aziyya, Allah ya ba ta haƙuri. Maganarki ta yi mini zafi, amma ba zan rama ba. Ban ce ina wasa da Baba ba. Na ce ina tsoron in aiko miki da fuskar da ba tasa ba, kika karanta abin da ranki ya ba ki.

Ga shi nan na ba Cha'ibu direban kamiyon Mayahi, a naɗe cikin buhu. Na goma sha ɗaya ne. Fentin mota na yi da shi, ragowar gwangwanaye, shi ya sa za ki ga shuɗi a inuwar wuyansa. Ranar da na yi shi ban yi tunanin komai ba. Na tuna shi zaune a zaure yana sauraren mai kawo ƙara, kai a karkace, ido ɗaya a ɗan runtse, sai na aje na ɗauke, na aje na ɗauke, kafin a kira magariba na gama. Maigida ya tsaya daga bakin ƙofa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wanga mutum kurma ne ta hagu." Bai taɓa ganin Baba ba. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Yanzu ki saurara da kyau, ki kuma gaya wa Kawu Sale. Wannan ba hoton kati ba ne da ake riƙewa a hannu. In an kawo shi kusa da ido ba a ganin komai sai shafe-shafen fenti. A jingina shi da bango ko gindin itace, mai kallo ya ja baya taki shida ko bakwai. Kada a miƙa wa kowa a hannu. Wannan shi ne duka sirrinsa.

Mutari

Tasawa, 24 ga Fabrairu 1985

Hindu,

Gaisuwa da fatan alheri. Sati biyar ke nan shiru. Cha'ibu ban sake ganinsa ba, an ce motarsa ta kwanta a hanya babu man gazwal. Hoton ya iso? In fushi kike yi, ki yi, amma ki rubuto layi ɗaya in san halin da Inna take ciki. Nan ma mutanen arewa sun cika bakin gari da tabarmi da tukwane, kullum sai na bi ta cikinsu ina duba fuskokin tsofaffi. Ban gan shi ba.

Mutari

Kanan-Bakashe, 17 ga Maris 1985

Mutari,

Muna lafiya gwargwadon hali. Inna tana nan. Na yi shiru ne don ban da abin faɗi, yanzu kuma ina da shi har ya yi yawa.

Direbanka ya haɗu da Kawu Sale a kasuwar Mayahi ya ba shi katakon, takardar kuwa ta zauna a aljihunsa. Sai bayan sati uku wani ya kawo mini ita duk baƙin mai. Kafin nan Kawu ya riga ya yi nisa. Bai ma biyo gida ba, daga Mayahi ya yi kudu a kan jakinsa. Kuma ka san yadda mutanenmu ke kallon hoto. A karɓa da hannu biyu, a kawo shi bakin hanci, a bi shi da yatsa, a miƙa wa na kusa.

Ka san abin da suka gani? Aska. Layukan nan da ka ja a kuncinsa daga bakin leɓe zuwa kunne, shida ne, na ƙirga su da kaina. Ina jin ramar kunci kake nufi. Duk wanda ya duba sai ya ce, "Wanga ai Bagobiri ne." Kawu ya ce musu a'a, bille guda gare shi. Su ce to ga aska nan a huska, ko kai ka fi mai zanen sani? Har shi kansa Kawu ya fara shakka, wai ko tsufa ya sa bai taɓa lura ba. Mutumin da ya auri yayarsa shekara talatin!

A Agye wani mai sai da igiya ya rantse ya ga tsohon Bagobiri da sa ya yi yamma. Kawu ya bi. Daga Agye zuwa Cadawa, daga nan har Tibiri, ƙauye ƙauye, sati shida. Jakin ya mutu a hanya, ya ƙarasa da ƙafa. A ƙarshe aka kai shi wata bukka aka nuna masa tsoho, Bagobiri na gaske da askarsa cif, bai san wani Cindo ba, sansa ma ya daɗe da mutuwa. Kawu ya ce tsohon ya duba katakon ya ce, "Ni ne, amma wa ya ba ku izni?" Da ya ba mu labari mun yi dariya, wallahi mun yi, sannan Inna ta juya fuska bango.

Jiya Kawu ya dawo, ƙafafunsa sun kumbura ba ya iya sa takalmi. Na buɗe buhun na duba. Ban ga ubana ba, Mutari. Na ga shuɗi da ja da wani abu kamar kaji sun yi tono. Ka yi wa Baba askar da wanzami bai yi masa ba, ka sa muka ɓata wata biyu muna neman wani mutum daban. Na san ba da gangan ka yi ba, amma sanin bai rage mini komai ba. Na jefa shi bayan rumbu, rumbun ma ba komai a cikinsa.

Hindu

Tasawa, 7 ga Afrilu 1985

Hindu,

Na gaishe ki, na gaida Inna, a yi wa Kawu Sale sannu da ƙafa, a ce masa ya yafe mini. Ba ni da ta cewa. A ƙasar nan aka haife ni, na san abin da mutum yake fara dubawa a fuskar baƙo. Yaya aka yi na ja layi shida a kuncin mutum ban tuna ba? Ina daga nesa da sandata ina ganin rami da inuwa, na manta masu dubawa da yatsa za su duba.

Na gaya wa maigida. Ya ce a Abijan ba wanda ya taɓa kawo masa wannan ƙara. Na ce to nan ba Abijan ba ce. Ranar ce na fara ɗaga masa murya. Na ce ya ba ni ƙaramin buroshina, ya ciro shi daga aljihun rigarsa ya ba ni, ashe kullum yana tare da shi.

Ga wani nan na sake, wannan karon takardar a manne take a bayansa. Kwana tara na yi ina shafawa, babu layi ko ɗaya sai billen hagu. Ana iya riƙe shi a hannu, a shinshina ma in ana so. Maigida bai kankare ba, bai kuma duba ba. Ni kaina ban san ko Baba ne ba, na dube shi har na daina ganin komai.

Na so in kawo da kaina, amma an ba mu tutocin bikin hawan mulkin soja na sha biyar ga wata, kuma aikin hukuma ba a cewa sai gobe. Tun wancan satin ban koma aikin la'asar ba. Ina jin shagon ma zan bari in an yi ruwa.

Mutari

Kanan-Bakashe, 9 ga Yuni 1985

Taubashi,

Bayan gaisuwa, ya azumi? Ina fatan tarin ya sake ka. Mu muna nan. Kawu ya fara takawa da sanda. An yi yayyafi sau ɗaya, bai jiƙa ƙasa ba.

Na biyun ya iso lafiya. Ka yi ƙoƙari. Na kai wa Inna ta riƙe ta juya, ta ce, "Wanga wane kwamanda ne?" Na kai shi kasuwa uku da kaina. Ba wanda ya ce Bagobiri ne, ba kuma wanda ya ce ya san shi. Wani ya ce bana ba a ga mai irin wannan kumatu ba.

Ranar Litinin da ta wuce aka yi rabon jar dawa ta taimako a Gidan Amumune, aka ce har da mutanenmu. Na tashi zan tafi na rasa abin da zan tare rana da shi, sai na tuna katakonka na farko a bayan rumbu. Shi na ɗora a kai, ba don komai ba sai don inuwa. Da muka isa sojoji suka jera mu, mata layi ɗaya maza layi ɗaya, aka ce wanda ya fita ya koma ƙarshe. Hannuna ya gaji, na jingina katakon da bangon magaza, ɗakin ajiyar dawar, na koma wurina.

Muna tsaye rana ta take, sai na ga wani Bafillace ya fito daga tsakiyar layin maza. Ana yi masa tsawa bai waiga ba. Ya tsaya nesa da bangon yana kallo, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Na wa ne wanga tsoho? Kurma ne, ko? Mai riƙe da igiyar sa?"

Na waiwaya in ga abin da yake kallo. Mutari, Baba ne zaune a gindin bango. Ya karkata kai yana jira a maimaita masa magana. Na ɗaga murya daga cikin layi na ce nawa ne, ubana ne.

Sunan mutumin Umaru. Ya ce a wata rijiya gabas da Agye suka haɗu, yana kora sauran shanunsa kudu. Baba ya iso da zazzaɓi, san ya riga ya faɗi a hanya, igiyar kawai ke hannunsa. Suka ba shi ruwa da ɗan nonon da ya samu. Ya kwana biyu tare da su, rana ta uku da hantsi ya cika. Umaru da 'yan'uwansa suka yi masa wanka da salla, suka rufe shi a gindin wata aduwa. Ya ce Baba ya faɗi sunan garinsu, amma muryar ta riga ta tafi, ba su kama ba. Ya ce abin ya tsaya masa a rai wata bakwai, ya binne mutum bai san wa zai gaya wa ba. Kawu ma yana wurin rabon, ya yi masa tambayoyi, har rigar da tabon ƙafa, duk ya faɗa daidai. Ranar bai samu dawa ba saboda fitar da ya yi, na raba tamu biyu na ba shi.

Na lissafa kwanakin da ya faɗa. Ranar da na zauna na rubuta maka takardar farko, Baba ya yi wata guda a ƙasa. Duk faɗan da na yi maka, da tafiyar Kawu, da jakin, ba wanda zai same shi ko da hoton kati muka riƙa. Na gaya maka maganganu masu zafi, ka yafe mini. Ba ni da ƙarfin rubuta fiye da haka a kai.

An yi addu'a ranar Laraba. Inna ta shiga takaba. Kada ka bar shagon, ka koma wa maigidanka da la'asar, ka gaishe shi ka ce 'yar kurman ta gode.

Malam liman ya ce bai kamata a ajiye surar mamaci a ɗaki ba. Inna ta ce ta ji, za ta fitar in ta gama takaba. Yanzu katakon farkon yana jingine a ƙuryar ɗakinta, ita kuma tana zaune a bakin ƙofa, iyakar nisan da ɗakin ya ba ta. Jiya Yaya Shatu ta ga tana ta ƙura ido, ta ɗauko shi ta aje mata a cinya don ta huta. Inna ta ture hannunta ta ce, "Mai da shi can. Nan kusa ba ni ganin shi."

Taubashiyarka,
Hindu